Ƙarfe 1:40 na dare a rajistar Defender: yadda aka kusa korar yaron shago a Titin Bauchi

Wata Litinin cikin Janairu, sanyin Jos ya hana yatsu miƙewa, wani aminin mahaifina ya turo mini hotuna uku ta WhatsApp, kafin in buɗe su ma ya biyo da kira. Yana da shagon buga takardu da fotokofi a Titin Bauchi, inda ɗaliban jami'a ke kai furojet da asamen. Kwamfuta biyu ce a shagon, amma babbar, wadda aka jona wa firinta, ita ce kowa ke soka wa filash.

"Injiniya, duba min wannan. Yaron nan yana shigo min shago da tsakar dare."

"Baba, wa ya gaya maka?"

"Kwamfutar ce da kanta. Ita ai ba ta ƙarya."

Ɗansa ne, wanda ke karatu, ya buɗe Event Viewer, inda Windows ke ajiye rajistar abubuwan da suka faru a kwamfuta, ya ɗauko hotunan. A ciki an ga Microsoft Defender, antibairos ɗin da ke zuwa tare da Windows, ya kama wani abu mai suna HackTool:Win32/AutoKMS. An ga sunan asusun da yaron shago ke shiga da shi. An kuma ga lokaci: 01:40, kwanan watan na Lahadi, ranar da ba a buɗe shagon. Yaron ne ke riƙe makulli. Ɗan Alhaji ya fassara wa mahaifinsa cewa wancan sunan na nufin kayan aikin masu kutse. Alhaji ya haɗa biyu da biyu, ya yanke cewa ƙarshen wata zai sallame shi, ni kuma ya kira ni don in tabbatar masa.

Washegari da safe na je. Yaron na zaune a kan benci a waje, ya ƙudundune cikin rigar sanyi, an hana shi taɓa kwamfutar.

Maganar agogo

Na fara da lokacin, don shi ne ke neman raba mutum da abincinsa. Hoton da aka turo daga shafin Details aka ɗauke shi, kuma bayan lambobin akwai harafin Z a ƙarshe. Wannan Z ɗin na nufin agogon UTC, wanda duk mai sauraron rediyo ya sani da agogon GMT. Windows a kan wannan agogon yake ajiye lokacin kowane abu, sai in zai nuna maka ya juya shi zuwa agogon garinku. Najeriya na gaban GMT da awa 1, don haka ko da komai daidai yake, 01:40 mai Z ƙarfe 2:40 ne a Jos. Wato fassarar ɗan Alhaji ma ba ta cika ba.

Amma ba komai ne daidai ba. Agogon da ke kusurwar allo yana nuna lokacin Jos tsaf, sai dai da na shiga saitinsa na tarar da yankin agogon yana kan Pacific Time, na yammacin Amurka, su Kalifoniya. Kwamfutar tokumbo ce, wanda ya ɗora mata Windows bai canja yankin ba, ya dai kashe saitin kai-tsaye ya juya agogon da hannu har ya yi daidai da na wayarsa. Wannan abu ya cika gari, kusan duk mai gyara ya taɓa yinsa cikin sauri. A Janairu yankin Pacific na bayan GMT da awa 8. Saboda haka idan allo ya nuna 5:40 na yamma ranar Asabar, kwamfutar a zuciyarta ta ɗauka tana Kalifoniya, sai ta ƙara awa 8 ta rubuta 01:40 na Lahadi.

Na koma shafin General na wannan shigarwar, na nuna wa Alhaji da yatsa: 5:40 na yamma, Asabar. Sannan na nuna masa layin Detection Source, wanda ke faɗin ta wace hanya aka yi kamun. An rubuta User, ma'ana mutum ne ya danna sikanin da hannunsa. Can sama kaɗan ga lamba 1000, wadda Defender ke rubutawa duk lokacin da sikanin ya fara, wajen ƙarfe 5. Haka yake a ranar Juma'a, haka a Alhamis, haka a Laraba.

"Baba, wa ya ce a riƙa yin sikanin kafin a tashi?"

Ya ɗan yi shiru. "Ni ne."

Sunan yaron ya fito ne saboda yana bin umarnin maigidansa kullum ba fashi. Na gyara yankin agogon, na kunna saitin kai-tsaye, amma na ja wa Alhaji kunne: daga yanzu tsofaffin shigarwar nan za su riƙa nuna 2:40 na dare har a shafin General, domin lambar da aka ajiye ba ta canja ba, fassararta ce ta canja. Kada wani ya zo gobe ya sake ɗaukar hoto.

Abin da ya ƙi tafiya

Saura sunan mai ban tsoro, da kuma dalilin dawowarsa kullum. A Protection history, inda yawancin mutane ke dubawa, an jera shi sau da yawa da rubutun Remediation incomplete, wato ba a kammala magance shi ba. Alhaji ya ɗauka bairos ne mai taurin kai da ake kashewa yana tashi.

Sunayen nan suna da tsari, kuma Microsoft na bin tsarin da ƙungiyar masu binciken antibairos ta CARO ta shimfiɗa tun 1991. Kalmar farko, kafin ɗigo biyu, ita ce nau'in abin. Ta biyu ita ce inda yake aiki, Win32 kuwa Windows kawai yake nufi, ba ya nufin kwamfutarka tsohuwa ce. Bayan sandar sai sunan dangi, wani lokaci da harafin da ke bambanta ɗa da ɗan'uwansa, wani lokaci da alamar motsin rai da ƙarin bayani. Da wannan, HackTool:Win32/AutoKMS na cewa: wani kayan aiki ne na karya ƙa'ida, na Windows, daga dangin da ke yaudarar Windows ko Office su ɗauka an biya kuɗin lasisi. Kirak ne, a taƙaice. Ba shi da alaƙa da wani yana kutsawa asusun banki daga shagon.

Ba ina wanke shi ba ne. Masu raba kirak sun sha cusa mugun abu a ciki, tunda sun san wanda ya sauke shi zai kashe antibairos da hannunsa kafin ya buɗe. Amma tambayar farko kullum ita ce: yana ina, kuma ya taɓa tashi? Amsar tana layin Path. Can na ga kalmar containerfile a gaba, sai hanyar da ta kai ga wani fayil na ISO a faifan D, a cikin foldar da wanda ya haɗa kwamfutar ya zuba kayan aikinsa ya manta. Bayan sunan ISO ɗin akwai 'yar kibiya, sannan sunan kirak ɗin. Kibiyar na nufin abin yana cikin wani abu. ISO kamar ƙulli ne da aka ɗaure, hoton faifai guda. Defender na iya leƙa ciki ya ga abin da ke nan, amma zare guda ɗaya ya sake ɗaure ƙullin ya gagare shi. Sai ya rubuta 1116, na gani, ya yi yunƙuri, ya kasa, gobe da yamma yaro ya sake danna cikakken sikanin, a sake komawa gidan jiya. Layin Process Name bai nuna wani shiri da ya buɗe shi ba. Abin na kwance ne kawai.

Na goge ISO ɗin, na kwashe kwandon shara. Maganinsa ke nan, minti biyu.

Akwai na biyu da ya fito sau ɗaya, Trojan:Win32/Wacatac.B!ml, a kan wata 'yar manhaja da masu gyara ke amfani da ita wajen sake saita firinta idan ta ƙi bugawa. Wannan !ml ɗin da ke wutsiya na nuna ba wai an san fayil ɗin da ido ba ne, na'urar koyo ce ta auna kamanninsa ta ga ya yi kama da miyagu. Tana yin daidai sau da yawa, tana kuma kuskure. Antibairos ba wahayi ba ne: a farkon Satumban 2022 Defender ya yini yana ƙararrawar Behavior:Win32/Hive.ZY a kan Chrome da Edge a faɗin duniya kafin a fitar da gyara, a Afrilun 2010 kuma wata sabuntawar antibairos ɗin McAfee ta kama svchost.exe, wani jigo na Windows XP, ta durƙusar da kwamfutoci masu ɗimbin yawa. A irin wannan ina ɗaukar lambar SHA-256 ta fayil, wadda take kamar zanen yatsansa, in nema a VirusTotal, shafin da aka kafa a Sifaniya a 2004 Google ya saya a 2012, inda injinan antibairos wajen 70 ke faɗin ra'ayinsu. Lambar nake nema, ba na loda takardun mutane, domin abin da ka loda can masu bincike na iya samunsa. A nan ban ma wahalar da kaina ba. An riga an killace fayil ɗin, 1117, lambar an ɗauki mataki, ta biyo bayan 1116 da nasara, ba wanda ke buƙatarsa a ranar. Na bar shi inda yake.

A nan da na tsaya, da na karɓi kuɗin mota na tafi, kowa na murna.

Inda rajistar ta yi shiru

Abin da ya tsayar da ni rashin wani abu ne. Shagon da ɗalibai ke soka filash daga safe zuwa yamma, a ce mako biyu cur ba a kama komai a faifan E ko F, haruffan da kwamfutar ke ba filash in an soka, ba? Na yi shekaru ina zagaya irin waɗannan shaguna daga Farin Gada zuwa Terminus, ban taɓa ganin haka ba. Ko dai ɗaliban sun tsarkaka dare ɗaya, ko kuwa mai gadin ya daina duba ƙofar.

Protection history mako biyu kawai yake riƙewa. Rajistar da ke Event Viewer, ƙarƙashin Microsoft, Windows, Windows Defender, Operational, ta fi shi dogon tunani, sai ta cika take fara shafe tsofaffi. Na tace ta da 1116 na yi ta gangarawa baya. Har zuwa farkon Disamba ga su nan birjik, kusan kullum, a E da F, yawancinsu dangin Gamarue, wata tsutsa, wato bairos mai yaɗa kansa ta filash, kowanne da 1117 a bayansa. Daga wata rana da hantsi sai tsit.

Na cire tacewar na duba ranar. Layi biyu ne, lamba 5007, ba ja ba rawaya, an yi musu lakabin Information kamar sauran ɗaruruwan layukan da ba wanda ke karantawa. Defender na rubuta 5007 duk sanda aka taɓa saitinsa, kuma yawancinsu shi da kansa ne ke gyare-gyarensa, shi ya sa ido ke tsallake su. Waɗannan biyun a layin New value suna ɗauke da Exclusions\Paths\E:\ da Exclusions\Paths\F:\. Wani ya shiga ya gaya wa antibairos cewa duk abin da ke kan waɗannan faifan biyu kada ya duba. A shagon da filash ne hanyar shigowar kusan duk wata cuta, an ɗauke gadi daga ƙofar gida an bar shi yana zagaya ɗakuna.

Alhaji ya juyo zai sake kallon benci. Na tare shi.

"Baba, wannan layin ba ya faɗin wanda ya yi. Tsohon saiti da sabo kawai yake rubutawa. Kuma asusun nan da ake aiki da shi na mai cikakken iko ne, duk wanda ya zauna a kujerar nan zai iya."

Na karanta masa ranar da lokacin. Yaron ne ya tuna, daga bakin ƙofa. Ranar ce wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta yi kuka a shagon. Ta kawo furojet ɗinta, ana soka filash Defender ya yi ƙara, aka buɗe aka ga wayam. Ta ce kwamfutar shagon ta cinye mata aikin shekara. Mutane suka taru. Akwai wani mai gyara da ya zo duba injin fotokofi, Alhaji ya ce masa ya taimaka ya hana wannan abin cin takardun jama'a. Ya kuwa hana.

Alhaji ya cire hula ya shafa kai. Bai ce komai ba, ni ma ban ƙara ba.

Ga abin da ya faru da filash ɗin yarinyar, kuma shi ke faruwa da dubbai. Tsutsar Gamarue, wadda wasu kamfanoni ke kira Andromeda, idan ta hau filash takan kwashe duk fayilolinka ta zuba a wata folda mai suna kamar babu suna, ta ɓoye ta, ta ajiye shotkot guda ɗaya mai kama da faifan kansa. Ka danna shi, zai buɗe maka takardunka lafiya lau, amma a bayan fage ya sa rundll32.exe, wani halastaccen shirin Windows, ya tayar da tsutsar. Mai filash na iya wata da watanni a haka bai sani ba. Ranar da ya kai shi kwamfuta mai antibairos a farke, sai a kama shotkot ɗin a killace. Ƙofar da ya saba bi ta ɓace, takardun kuwa suna nan a ɓoye ba abin da ya taɓa su. Umarni guda a Command Prompt, tagar da ake rubuta wa Windows umarni, ke fito da su: attrib -h -r -s /s /d E:\*.* idan filash ɗin E ne. Da an san wannan a ranar, da yarinyar ta share hawayenta cikin minti ɗaya. A maimakon haka aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago.

Wani zai ce ai tsohuwar tsutsa ce. Gaskiya ne, a ƙarshen 2017 hukumar FBI ta Amurka da Europol ta Turai tare da Microsoft da kamfanin antibairos na ESET sun rushe cibiyoyin da ke ba ta umarni. Amma kwafinta bai daina tsalle daga filash zuwa filash ba, kuma a Janairun 2023 kamfanin Mandiant ya bayyana yadda wasu masu leƙen asiri da ake dangantawa da Rasha suka sake yin rajistar tsofaffin adireshinta da wa'adinsu ya ƙare, suka bi ta nan suka shiga kwamfutoci a Yukren. Ba na zaton wani ɗan leƙen asiri na da buƙata da asamen ɗin 'yan aji biyu. Ina dai cewa ƙofar da aka bari a buɗe ba ta zaɓar mai shiga.

Sai a lokacin na fahimci wasu layuka biyu da na wuce da farko ban kula ba. Dukansu bayan ranar ɗauke gadin ne, dukansu a foldar Temp ta faifan C, Detection Source ya nuna kariyar nan-take, Process Name kuma rundll32.exe. Wato aƙalla sau biyu an danna shotkot a shagon, tsutsar ta tashi daga filash ba wanda ya tare ta, sai da ta miƙa ƙafa za ta zauna a C, inda gadi ke nan, aka cafke abin da ta sauke. Kowanne da 1117 mai nasara. Sa'a aka yi, ba dabara ba. A cikin duk rajistar, waɗannan biyun ne kaɗai shaidar cewa mugun abu ya taɓa gudana a kwamfutar, kuma ba su cikin hotuna ukun da aka turo mini.

Abin da aka yi

Na cire E da F daga jerin Exclusions, wato waɗanda aka ɗauke wa bincike, sabbin 5007 biyu suka fito, na nuna wa Alhaji don ya ga kamanninsu. Na tabbatar bayanan ganewa sun sabunta, lamba 2000 ke nuna hakan, 2001 kuma gazawa. Na duba ko akwai 5001, alamar an taɓa kashe kariyar nan-take, babu. Na yi Microsoft Defender Offline, wanda ke sake kunna kwamfuta ya bincika ta kafin Windows ya tashi, kimanin minti 15, bai sami komai ba. Na bi jerin abubuwan da ke tashi da kansu da manhajar Autoruns, nan ma ba baƙo. Duk da haka na ce a canja kalmar sirrin imel ɗin shagon daga waya, tunda ɗalibai na turo aiki ta nan kuma a buɗe yake a burauza kullum.

Na buɗe asusu na biyu marar iko don aikin yau da kullum, mai ikon kuma na sa masa kalmar sirri da Alhaji kaɗai ya sani. Ya so ya rubuta ta a jikin kalanda, na roƙe shi ya bari.

Mun yi gwaji da filash ɗin shagon kansa, wanda ake kai aiki da shi wurin masu bugun kala. Ana soka shi ƙararrawa ta tashi. Aka buɗe, wayam. Na kira yaron, na ce ya zauna. Ya kalli Alhaji, Alhaji ya yi masa nuni da kujerar. Na karanta masa umarnin attrib harafi-harafi ya buga da kansa, foldar marar suna ta bayyana, ya kwashe takardun ya mayar da su waje, ya goge ragowar tarkacen. Ya ɗauko biro ya kwafe umarnin a bayan wata takardar rasit, ya manna da salatif a gefen allo.

Da zan tafi Alhaji ya rako ni bakin titi, ya tsayar mini da keke. Ya tambaya ko akwai hanyar da zai riƙa duba abin nan da kansa ba sai ya kira ni ba. Na ce ya sa yaron ya riƙa buɗe masa jerin Exclusions duk ranar Asabar kafin a rufe, in ya ga wani abu a ciki, ko mene ne, ya kira ni. Ya ce to. Sannan ya leƙa cikin shagon ya ɗaga murya ya ce wa yaron ya je wurin mai shayi ya karɓo biyu, da burodi, a rubuta a asusunsa.